Ƙafar Baffa Buba da Katin Murmushi

Shekaranjiya wata ɗalibar jinya da aka turo mana koyon aiki ta ce a gabana wai wankin miki ba wani aiki ba ne, ka ɓare tsohon bandeji ka liƙa sabo, shi ke nan. In na yi magana da baki sai a ce tsoho ya fara mita, shi ya sa na sayi littafi na zauna rubutu. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa. Sunana Sale. Na fi shekara ashirin a harkar wankin miki a Abuja, kuma har yau ba ni da takardar da za ta ce na iya.

Mikin farko da na taɓa da hannuna na wani birkila ne da bulo ya faɗo masa a ƙauri. Lokacin ni mai shara ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Wuse. Babbar nas ɗinmu Sista Asabe ce, 'yar Filato, gajeriya, ba ta dariya kafin azahar. Ta ga ina yawan leƙen ɗakin wankin miki, sai ta ce in ajiye tsintsiya in koma dafa kayan aiki. Shekara guda cur ina wanke almakashi da hantsaki ina dafa su a tukunyar tururi, ban taɓa fatar mutum ba. Ranar birkilan nan ce ta miƙo min safar hannu.

Na ɗauki hantsaki na kama auduga, sai hannuna ya fara rawa. Birkila ya janye ƙafa.

"Sale, ajiye," in ji Sista. "Fita ka dawo."

Ta biyo ni bakin famfo. "Mutumin nan ba mikinsa yake kallo ba, hannunka yake kallo. In hannunka ya ji tsoro shi ma ya ji. Jibi ba zai dawo ba, zai je a shafa masa baƙin mai a gareji, sai bayan wata a kawo mana shi a ɗauke. Wanke hannu. In ka koma, faɗa masa abin da za ka yi kafin ka yi. Kuma kar in ƙara jin ka ce wa mutum ba zafi. Ƙafarka ce?"

Na koma na ce, "Oga, zan goge nan, zai yi zafi, amma ba zan daɗe ba." Ya cije leɓe ya miƙo ƙafar. Sau tara ya zo har mikin ya rufe, ko sau ɗaya bai yi fashi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Hantsaki biyu, mai haƙori da marar haƙori. Almakashi. Wani siririn ƙarfe da ake zurawa a ji zurfin rami. Ɗan kwano mai lanƙwasa da ake tara ƙazanta. Ruwan gishiri, aidin, auduga, ƙyallen miki, filasta. Yaro ma zai haddace su a yini ɗaya. Abin da ba a haddacewa shi ne hanci. Sista Asabe ba ta taɓa barin a jefar da tsohon ƙyalle ba sai an duba launinsa an sansana. Mikin da ke warkewa da warinsa. Wanda ke ruɓa daga ciki shi ma da nasa, wani wari mai nauyi da ke maƙale maka a maƙogwaro har ka je gida. Na yi amai sau biyu a watan farko. Ta ce in yi in gama, tiren kayan aiki na jirana.

Mutane kuwa kala-kala. Akwai manyan ma'aikatan gwamnati da ke fara ihu tun kana buɗe leda. Akwai ɗan dako daga kasuwar Wuse da ke ba ka haƙuri don jininsa ya ɗiga a ƙasa. Akwai direbobin tasi mai kore da fari, su kullum sauri suke, a naɗe kawai su tafi, fasinja na jira. Duk cikinsu abu ɗaya na lura da shi. Ba wanda ya taɓa dawowa don an yi masa murmushi. Suna dawowa ne in sun ga mai taɓa su ya san inda zai taɓa, kuma bai yi musu ƙarya ba. Wani ma zai zage ka yau, jibi ka gan shi a kan benci ya ce kai yake jira.

Shekarar da ta lalace mana ta zo ne a lokacin da kowa ke cewa gari ya gyaru. Soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, kuɗi sun shigo Abuja. Ko'ina ka duba gini ake yi. Wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Daga Nyanya, inda nake haya, sai in fito da sassafe in tarar motoci sun cushe tun daga tasha, in isa Wuse rigata ta jiƙe. Likitan da ke da asibitin ya sayar wa wasu 'yan kasuwa. Aka sa tayil, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka rataya talabijin a wurin jira. Sista Asabe ta duba ta ce ita ta tsufa, ta koma gida.

Sabon manajan da aka kawo, daga aikin otal ya fito. Mutum ne mai fara'a, ɗan boko, ba ya ɗaga murya. Abu biyu ya zo da su. Na farko, duk wanda ba shi da takarda ba zai ƙara taɓa majiyyaci ba. Ya kira ni ofis ya ce, "Malam Sale, ka gane, ba wai an raina ka ba ne. Zamani ne." Aka mayar da ni ɗakin baya wurin tukunyar tururi, inda na fara. Ban ce takarda banza ba ce, ku ji ni da kyau. Akwai abin da 'yan makaranta suka sani na magani da awo wanda ni har in mutu ba zan sani ba. Abu na biyun ne matsalar. Wani ɗan kati ne mai fuskoki uku, mai murmushi, mai shiru, mai ɗaure fuska. Duk wanda aka gama da shi sai yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta miƙa masa ya sa alama a kan ɗaya. Ranar Juma'a manaja ya zube katunan a tebur. Nas ɗin da ta tara ɗaurarrun fuskoki a kira ta ofis.

Cikin sababbin da aka ɗauka akwai Rahila. Ita ta karɓi ɗakin wankin miki. Ta san littafi, na gwada ta na gani. Amma satinta na biyu wata matar babban mutum ta yi ƙorafi wai an fama mata yanka a yatsa, aka kira Rahila ofis, ta fito da jan ido. Daga ranar ta koyi aikin kati. Ta shafa sama-sama, ta naɗe da sauri, bakinta kullum "sannu, ba zai yi zafi ba." Katunanta suka koma murmushi zalla. Har yaba mata aka yi a gaban kowa.

Ana cikin haka aka kawo Baffa Buba. Dattijon Bafulatani ne, rugarsu a bayan Idu, wajen da ake ta gina rumbunan ajiye kaya a filin da dā suke kiwo. Ya bi shanu ta cikin wani fili da aka fara haƙa, ya taka guntun rodi da ciyawa ta rufe, ya huda masa tafin ƙafar dama kusa da yatsu. Akwai wani darakta a ma'aikatar gwamnati da Baffa ke riƙe masa shanu, shi ya ce a kawo shi wurinmu. Likita ya gan shi ranar farko, aka yi masa allurar tetanus, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙa zuwa wanki duk bayan kwana biyu. Daga nan likita ba ya ganin ƙafa, abin da nas ta rubuta yake gani. Wani matashi mai suna Haruna ne ke ɗauko shi a babur. In sun shiga ɗaki sai Haruna ya tsaya bakin ƙofa, riƙe da sandar Baffa da takalminsa.

Duk wannan daga baya na haɗa shi. Ni abin da ke zuwa min tire ne kawai.

Tiren wanki na huɗu ya zo min wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Na ɗaga tsohon ƙyallen kamar yadda na saba. Mugunya kaɗan ce a jiki, ɗan ɗigo. Amma warin ya bugi maƙogwarona. Na duba siririn ƙarfen nan na jin zurfi, yana nan fes, ba a ma taɓa shi ba. Ƙazanta kaɗan a waje, wari mai yawa, ba a zura komai ba. Bakin mikin ne ke rufewa, cikin yana ruɓa. Irin wannan ba ya jiran mutum. In ya bi jijiya ya haura, ba yatsa ake magana ba, ƙafa ce.

Na tarar da su a bakin get, Haruna yana taka babur. Baffa na tsaye jingine da bango. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, lafiya lau, sauƙi sai godiya. Na dubi ƙasa. Yatsun ƙafarsa mai lafiya sun dunƙule cikin takalmi kamar za su huda shi. Zufa na tsattsafowa a kan hancinsa, mutumin da ya fito daga ɗaki mai sanyi yanzun nan.

Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, an manta ba a auna ka ba. Mu koma." Na juya wajen Haruna. "Kai kuma shiga kasuwa ka samo masa silifas babba wanda bandeji zai shiga. Wannan takalmin yana matse shi. Ka zaɓa da kyau, kar ka yi sauri."

Na zaunar da Baffa a ɗaki, na ja Rahila zuwa baya na miƙa mata ƙyallen.

"Sansana."

Ta yamutsa fuska ta kau da kai. "Baba Sale, mene ne haka?"

"Ƙafar mutumin da kika sallama ce."

"Ya ce ba zafi. Sau huɗu ina tambayarsa, sau huɗu yana cewa babu. Na rubuta. Ga katinsa ma, duk murmushi."

"Wa ke tsayawa bakin ƙofa in kina tambayar?"

"Ɗansa."

"Ba ɗansa ba ne. Mijin 'yarsa ne, na ji yadda suke gaisawa. Dattijon Bafulatani ko yanka shi ake ba zai ce wash a gaban surukinsa ba. Ga ki ke kuma, sa'ar 'yarsa. Ga shi darakta ne ya turo shi, alheri aka yi masa, zai zo ya ce aikin bai yi ba? Kin tambayi mutum a inda ba zai iya amsawa ba, kin rubuta amsar."

Ta sake duban ƙyallen. Sai ta ce, "To ka zo ka duba shi."

"An hana ni. Ko ba a hana ba, in na yi yau, jibi wa zai yi? Ɗakinki ne, Sista. Ni tire zan riƙe miki."

Muka shiga. Ta warware bandejin da ta naɗa da hannunta. Daga sama mikin kamar ya kusa warkewa, ɗan baki ƙarami. Amma bayan ƙafar ya kumbura yana sheƙi, kuma yatsu biyu na gefe sun fara sauya launi. Ta ɗauki ƙarfen. Hannunta ya kama rawa har yana ƙwanƙwasa bakin kwano. Na ga idon Baffa ya sauka a kan hannun, ya fara janye ƙafa a hankali, yana murmushi.

"Ai ya yi sauƙi, likita," in ji shi. "A bar shi haka."

Na ce, "Sista, ajiye. Fita ki dawo."

Ta fita. Na ji ƙarar famfo ta daɗe. Ni da Baffa muka yi zancen ruwan sama da inda suke shayar da shanu yanzu da aka katange rafin. Da ta dawo ta sa sabuwar safa, ta ja kujera ta zauna daidai fuskarsa, ba a tsaye a kansa kamar da ba.

"Baffa," ta ce, "kwanakin nan ban yi maka aiki daidai ba. Tsoron fama ka nake ji. Yanzu zan danna nan, zan kuma zura wannan ƙarfen. Zai yi zafi sosai. Haruna ya tafi kasuwa, ba kowa sai mu. In ka ɓoye min, zan rubuta ƙarya, likita ya karanta ƙarya, kai kuma ka rasa ƙafa."

Ta kama ƙafar da hannun hagu, kamu na gaske. Ta danna. Mugunya ta fashe ta cika rabin kwano. Ƙarfen ya shige fiye da tsawon yatsa. Baffa bai yi ƙara ba. Ya dubi ƙofa, ya tabbatar a rufe take. Ya dubi hannunta, wanda yanzu ko motsi ba ya yi. Sannan ya ce a hankali:

"'Yata, yau kwana shida ban rintsa ba. Kamar ana hura wuta a ciki."

Ta taɓa matsematsinsa ta ji kaluluwa. Ta auna shi, ga zazzaɓi. Sai ta tashi ta nufi ofishin likita. Akwai wani mai babbar riga a ciki, ba ta jira ya fito ba. Na ji likita yana cewa ta ba shi minti goma, na ji ta ce, "Dokta, ba zan koma ba sai da kai." Wannan ba ta koya a wurina ba, ni ban taɓa iya yi wa likita haka ba.

Da la'asar aka shiga da shi ɗakin tiyata aka buɗe ƙafar, aka kwantar da shi. Bayan 'yan kwanaki aka cire yatsu biyun, ba yadda za a yi da su. Sauran ƙafar ta tsira. Likita da bakinsa ya ce da an jira wanki na gaba, da a ƙasan gwiwa za a yi maganar. Haruna kuwa, a ranar da aka kwantar da Baffa, ya dawo da silifas ya zauna da su a cinya har magariba.

Ku da kuke tsammanin daga nan aka kira mu aka gode, ba ku san aiki ba tukuna. Darakta ya bugo waya. Shi dai abin da ya sani, ya turo mutum da ɗan rauni an mayar masa da shi babu yatsu biyu. Manaja ya kira ni. Ya jera katuna huɗu a tebur, duk murmushi.

"Malam Sale, mutumin nan ya gamsu da aikinmu har sau huɗu. Ga shaida. Matsala ta fara ne ranar da ka bar wurin aikinka ka dawo da shi daga get."

Na ce, "Oga, ƙafar ba ta cike kati ba."

"Ka shiga ɗakin wankin miki ko ba ka shiga ba?"

"Na shiga. Tire na riƙe."

Rahila ta shigo ba a kira ta ba, ta ce kuskuren nata ne, ta ce a tambayi likita. Manaja ya saurare ta da fara'arsa har ta gama, ya ce ya ji, zai duba. Amma dole a faɗa wa darakta wani abu, kuma a cikinmu ni ne marar takarda. Ƙarshen wata aka ce in huta.

Ranar da na je kwashe 'yan kayana, na tarar da Baffa Buba a kan benci. An sallame shi daga gado, ya dawo wanki, ƙafar cikin silifas ɗin Haruna. Rahila tana ɗakin tiyata tana taimaka wa likita, sai aka ce wata nas ta karɓe shi. Yarinyar teburin karɓar baƙi ta zo ta ce, "Baba, taso, ga Sista nan za ta yi maka. Hannunta sanyi, ko ji ba za ka yi ba."

Baffa ya gyara zama ya jingina sandarsa.

"A'a, 'yata. Zan jira waccan."

"Za ta daɗe fa. Wata ƙila sai bayan azahar."

"Shanu suna da mai duba su. Waccan nake so, mai faɗa kafin ta taɓa."

Na wuce shi da ledar kayana. Ya ɗago hannu, na ɗago nawa. Da na fita get na waiwaya, yana nan zaune.

Daga baya na samu wannan ƙaramin asibitin na Nyanya, kusa da gida, ko ba komai na huta da cunkoso. Nan ma tukunyar tururi aka ba ni, ba sauyi. Rahila na ji ta zama babbar nas a wani asibitin gwamnati, kuma ɗalibai suna tsoronta. Ban je na gan ta ba. Gwiwa ta ƙi, kuma ba abin da zan ƙara mata.

Ke kuma da kika ce ɓarewa ne da liƙawa, na ga yadda kika yi wa mai gyaran taya yau. Kin gama cikin minti uku, kin ce masa ba zafi, ya yi miki godiya har da addu'a. Ba ki lura matarsa na tsaye a kansa ba, ba ki dubi ɗaya ƙafar ba. Ƙyallen da kika jefa a kwano ya zo wurina, na sansana. Na karɓi lambar wayarsa a teburin karɓar baƙi na kira shi, zai dawo gobe da safe maimakon jibi. Ki zo da wuri. Ni zan aiki matar ta sayo ruwa, in riƙe miki tire.